Na rubuta musu abdicate, yanzu Mai Martaba suke ce min

Nura Ma'aji: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu Turanci ku taimaka. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da kuɗin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, yanzu an mayar da ni aiki Fatakwal, ba zan iya ci gaba ba. Jiya da daddare na rubuta wa shugaba wasiƙa, na fara da "I hereby abdicate my position as treasurer". Shi kuma bawan Allah ya ɗauke ta ya jefa a zaurenmu na WhatsApp. Tun asuba ba wanda ya kira sunana, daga "Mai Martaba" sai "Allah ja zamanin Sarki", wani har yana tambayata wa na bar wa rawanin. Ni dai murabus na buga a ƙamus ɗin waya, abdicate ta fito a sama, na ɗauka. Ina laifina? Wace kalma ya kamata in sa?

Sani Man U: Takawa sannu, Sarkin Baitulmali! Hattara Zaki, akwai tudu a gaba.

Nura Ma'aji: Har da kai Sani?

Baba Malam: Wa alaikumus salam Nura. Kada ka ji haushinsu, da ni ma ina cikin zauren sai na dara. Abdicate ta mai karaga ce. Sarki, sarauniya, wanda ya hau mulki ta gado ko ta naɗi irin na sai mutuwa, shi ne idan ya sauka da kansa ake ce masa haka. Kai da aka zaɓa kake riƙe littafin kuɗi, resign ce taka. "I hereby resign as treasurer", shi ke nan. Shugaban Amurka Nixon ma da zai sauka a watan Agusta na 1974, jimla ɗaya tak ya rubuta wa sakataren harkokin wajensa Kissinger, kuma da resign ya rubuta ta. In dai mai Fadar White House bai ɗauki abdicate ba, kai ma haƙura za ka yi.

Akwai wuri ɗaya da talaka ke samun rabonsa a kalmar, amma ba wurin alfahari ba ne. Idan aka ce uba ya yi abdicate na responsibility ɗinsa, ana nufin ya yi watsi da nauyin da ke wuyansa. Zargi ne. To ka ga wasiƙarka tana iya karantuwa iri biyu: ko ka naɗa kanka sarki, ko ka amsa laifin sakaci da bakinka.

Nura Ma'aji: Innalillahi. Gara ma sarautar, Baba.

Alhaji Tijjani: Ni ban ga laifin yaron nan ba, ban ma ga na ƙamus ɗin ba sosai. Laifin na 'yan rediyo ne. Mu da muka taso, murabus maganar rawani ce. Sarki ya yi murabus, hakimi ya yi murabus, dagaci ya tsufa ya yi murabus ya bar wa ɗansa. Ma'aikaci kuwa ajiye aiki yake yi. Yanzu kocin ƙwallo ya yi murabus, shugaban ƙungiyar direbobi ya yi murabus, kwanan nan za mu ji mai shayi ya yi murabus. Da an bar kalmar a mazauninta, da Nura ya san ba tasa ba ce tun a Hausa, ballantana ya je nemo mata Turanci.

Hajiya Binta: Alhaji, ranka ya daɗe, mu 'yan rediyo mun ji, amma a ba mu dama mu kare kanmu. Labari ya shigo saura minti goma a hau iska, minista ya yi resign. In na ce "ya ajiye aiki", mai sauraro na iya ɗauka ritaya ya yi, ko yajin aiki ya shiga. In na ce "ya sauka", sai a tambaye ni da kansa ko sauke shi aka yi. Murabus kalma ɗaya ce da ke ɗauke da cewa shi ya furta da bakinsa, kuma kujerar babba ce. Shekaru aru-aru ana faɗarta a haka, jama'a sun karɓa. Harshe ba ya zama wuri ɗaya yana jiran mu.

Alhaji Tijjani: Shekaru aru-aru? Hajiya, rediyon kansa bai yi aru-aru ba.

Hajiya Binta: To na janye, shekaru masu yawa. Kun ga ni ma na yi abin da ake magana a kai.

Baba Malam: Wannan da kika yi shi ne retract ko withdraw, janye magana. Da kuma aƙida ce kika fito bainar jama'a kika ce kin bar ta, sai a ce recant. Asalinta a Latin daga kalmar rera waƙa take, kamar a ce mutum ya sake waƙar da ya rera da baya-baya. Mu kuwa da ba mu da kara a nan sai mu ce ya lashe amansa.

Barista Hadiza: Baba Malam, ina neman afuwa zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Ka ce abdicate sauka ce da kai. A ƙamus haka ne. A tarihi kuwa, da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta musu kalmar alƙalami aka miƙa musu ana tsaye a kansu. Sarki Faruk na Masar a 1952 sojoji ne suka kewaye fadarsa, ya sa hannu ya bar wa jaririn ɗansa, ya hau jirgin ruwa. Napoleon sau biyu ya yi, 1814 da 1815, duk bayan an ci shi da yaƙi. Nicholas na Rasha a 1917 haka. Abin da kalmar ke tabbatarwa kawai shi ne akwai takarda, kuma da hannunsa a kai. Ba ta shiga zuciyarsa ba.

Baba Malam: Na karɓa, 'yata. Har ma zan ƙara miki wanda babu ko takardar. A ƙarshen 1688 Sarkin Ingila James na biyu ya ga William ya sauko da runduna daga Holan, manyan mutanensa suna ta zamewa, sai ya tsere Faransa. Bai rubuta takardar sauka ba, bai ce ya sauka ba, har ya mutu yana ganin kansa sarki. Da majalisa ta zauna a farkon 1689 sai aka rasa sunan da za a ba abin da ya yi. Majalisar wakilai ta ce abdicated, kuma karaga ta zama babu kowa. Majalisar manya ta ce a'a, a rubuta deserted, wato ya gudu ya bar ta. Kwanaki aka yi ana ja-in-ja a kan kalma ɗaya. Dalili kuwa, wanda ya gudu ya bar gida, gidan nasa ne, yana iya dawowa, ko magajinsa ya shiga. Wanda ya sauka kuwa ya sauka, ana iya ɗora wani. Abdicated ce ta yi nasara, aka ba William da matarsa Mary sarauta. Su kuwa mutanen Sikotilan ba su tsaya wannan kwana-kwanar ba, suka ce laifuffukansa sun sa ya yi forfeit na haƙƙinsa ga sarautar, wato ya jawo wa kansa asararta.

Mutum ɗaya, gudu ɗaya, kalmomi uku. Duk lokacin da nake koyar da wannan darasi a aji shida da wannan labarin nake farawa.

Alhaji Tijjani: Ai ba sai mun je Ingila ba Malam. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, 1963. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, rahoto ya fito, Sarki ya yi murabus ya tafi Azare. Har yau Sarki Murabus ake ce masa. Amma wa ya taɓa sauka don raɗin kansa sannan a ce ga garin da zai zauna, ba zai kwana a birninsa ba? Sai bayan shekaru ya dawo Wudil, can ya rasu a 1991. Haka Sarkin Musulmi Tambari a 1931, littattafan Turawa abdicated suka rubuta. Murabus ɗin mayafi ne, an rufa wa gidan sarauta asiri. Jikan Sarki Sanusi kuwa, Muhammadu Sanusi na biyu, a watan Maris na 2020 ba a yi wannan karar ba, sakataren gwamnati ya fito ya karanta cewa an tuɓe shi. Turanci ya ce deposed ko dethroned. Sarkin Musulmi Dasuƙi a 1996 shi ma haka.

Sani Man U: Alhaji ka taɓo inda za a kwana ana yi. Ni dai ina bayan...

Admin Jamila: Sani, tsaya nan. Kalmomi muke tattaunawa. Duk wanda ya shigo da rikicin masarauta na yanzu zan goge, ko waye.

Sani Man U: Na miƙa wuya, Anti.

Baba Malam: Surrender ke nan. Ita ba ta ɓoye cewa an fi ƙarfinka.

Barista Hadiza: Ba kullum ba Baba. Mai haya yana surrender na takardar hayarsa kafin wa'adi, mutum yana surrender na fasfo ko lasisi ga hukumar da ta ba shi. A nan mayarwa ce ga mai abu. Amma na yarda ko a nan akwai ƙanshin na sama da na ƙasa.

Ni dai in ana so a ga abdication da babu bindiga a bayanta, a duba Sarauniya Beatrix ta Holan a 2013, ko Sarkin Japan Akihito a 2019, wanda sai da aka yi masa doka ta musamman kafin ya samu sauka saboda tsufa, ko Margrethe ta Denmark a Janairun 2024. Na Sarkin Ingila Edward na takwas a Disamban 1936 yana tsakiya: an ce masa ko karaga ko Wallis Simpson, ya zaɓi matar. Abin sha'awa a takardarsa, sunanta Instrument of Abdication, amma aikatau ɗin da ke cikinta renounce ne. Ya ce ya ƙudurta, ƙudurin da ba ya warwaruwa, zai yi renounce na karagar, shi da zuriyarsa. Saboda abdicate tana sauke mutum daga kujera ne kawai, renounce kuwa tana yanke da'awar gaba ɗaya, har ta 'ya'yan da ba a haifa ba.

Anti Rabi: Wannan renounce ɗin ni ta taɓa hana ni barci. Ranar da na karɓi takardar zama 'yar ƙasa a nan Amurka, an tara mu a zaure muka ɗaga hannu muka ce "I absolutely and entirely renounce and abjure all allegiance and fidelity" ga duk wani sarki ko ƙasa ta waje. Na fito jikina a sanyaye, na ce shi ke nan na sayar da Najeriya da bakina. Na kira yayana ina kuka, yana ta yi min dariya. Ga shi har yau koren fasfona yana jakata, bara ma na sabunta shi. Barista, ya abin yake? Rantsuwar banza na yi?

Barista Hadiza: Anti Rabi, kwantar da hankalinki. Abin da kika faɗa a gaban jami'in Amurka bai shafi rajistar Najeriya ba. Ki buɗe kundin tsarin mulkin 1999, sashe uku ne a jere kamar an shirya su don wannan muhawarar. Sashe na 28 ya yi amfani da forfeit: wanda ba haifaffen ɗan Najeriya ba ne, ya samu ɗan-ƙasanci ta rajista ko ta nema, in ya je ya karɓi na wata ƙasar da ba a haife shi ɗanta ba, namu ya faɗi nan take. Ke haifaffiya ce, bai hau kanki ba. Sashe na 29 shi ne renunciation: baligi ya rubuta da kansa ta hanyar da doka ta tsara cewa ya fita, Shugaban Ƙasa ya sa a yi rajista, kuma yana iya ƙin yi in ana yaƙi ko in abin ya saɓa wa maslahar jama'a. Sashe na 30 kuma deprivation, gwamnati ce ke ƙwacewa. Ɗaya abin da ka aikata ne ya zubar maka, ɗaya kai ka furta, ɗaya an karɓe. In ba ki cike takardar sashe na 29 ba, ke tamu ce.

Wannan sashen na 29 ne ma aka yi ta hayaniya a kansa a Majalisar Dattawa a 2013, kan sakin layin da ya ce matar aure ana ɗaukarta baliga. Mutane da yawa da suka yi ta zafi a lokacin ba su san maganar barin ɗan-ƙasanci sashen ke yi ba. Wannan dai wani zance ne.

Anti Rabi: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. To abjure ɗin fa? Ban ƙara jin ta a bakin kowa ba tun ranar.

Baba Malam: Ba za ki ji ba, ta tsufa, sai a rantsuwa da littattafan tarihi. Rabin kalmar daga rantsuwa yake a Latin, tushe ɗaya da jury. Barin abu ne da rantsuwa. Ita aka sa Galileo ya furta a Rum a 1633, ya durƙusa ya rantse ya bar ra'ayin cewa duniya ce ke kewaya rana. Lauyoyin zamanin da suna son jera kalma biyu inda ɗaya ta isa, don kada a bar ƙofa.

Malam Shu'aibu: Allah ya gafarta Malam, ni renounce tana yi min kama da bara'a. Mutum ya fito ya ce ba ni ba abin nan. Abdicate kuma Larabawa tanazul suke cewa, kamar yadda Sayyidina Hasan ya sauka ya bar wa Mu'awiya halifanci a shekara ta 41 bayan Hijira don a daina zub da jini, har aka kira ta shekarar haɗin kai. Na ga masu rubutun tarihi da Turanci abdicated suke sa masa. Tambayata, me ya sa Fafaroma Benedict da ya sauka a 2013 aka ce resigned? Shi ma ai kujerar sai mutuwa ce.

Baba Malam: Tambaya mai kyau, su kansu 'yan jaridar Turai sun yi gardama a kai. Da Latin ya yi jawabin, kuma kalmar da ya furta ita ce uwar renounce. Fassarar Turanci ta Vatican ma renounce ta sa. Jaridu suka ɗauki resign saboda sun ɗauke shi mai riƙe da ofis, wasu suka ce abdicate saboda shi ne mai mulkin ƙasar Vatican kuma babu wani na sama da zai miƙa wa takarda ya jira amsa. Ni in ka tambaye ni na biyun sun fi hujja, amma resign ce ta zauna.

Mushe Laminu: Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan da muka yi lakkol da Faransanci wahalarmu daban ce. Resign a wurinmu démissionner ce, saboda résigner ta Faransanci tana nufin ka haƙura ka rungumi ƙaddara. Ɗalibanmu kullum suna faɗawa wannan ramin.

Baba Malam: Mushe, Turancin ma yana da ita. "He resigned himself to it", ya sallama wa ƙaddara. Kalma ɗaya ce ta rabu biyu.

Mushe Laminu: To ga wadda ta fi ba ni ciwon kai. A watan Maris na 2024 kakakin gwamnatin soja a Yamai ya karanta sanarwa cewa Nijar ta yi dénoncer na yarjejeniyar soja da Amurka. Na ji wasu sun fassara da "Nijar ta yi tir da yarjejeniyar", wasu "ta yi Allah wadai". Alhali abin da aka ce shi ne an soke ta, an fita. Wanda ya ji "tir" zai ɗauka baki kawai aka yi.

Barista Hadiza: Daidai ne Mushe, kuma Turanci ma haka yake a harshen yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Denounce a bakin kowa tir ce, amma denounce a treaty sanarwa ce a hukumance cewa ƙasa ta fice. Ban da wannan wurin, kada a haɗa ta da renounce. Kana denounce na abin wani, kana renounce na abinka. Tsarin mulkin Japan na 1947, sashe na 9, renounce ya ce game da yaƙi: haƙƙinsu ne a matsayin ƙasa, suka ce sun bar shi har abada.

Mushe Laminu: Kuma ku lura da darajar sa hannun nan da Barista ta faɗa. Ibrahim Boubacar Keïta na Mali a 2020 yana hannun sojoji ya fito a talabijin ya ce ya sauka. Bazoum kuwa da aka tsare shi a Yulin 2023 ya ƙi sa hannu. Mulki ya riga ya fita hannunsa, amma kalmar ba ta fita bakinsa ba, shi ya sa ba wanda ya isa ya rubuta resigned a gaban sunansa, sai ousted, wato an hamɓarar da shi. In da takardar ba ta da amfani, da ba a nace a kanta ba.

Hajiya Binta: Mu a Najeriya ai muna da gwani a wannan fanni. Agustan 1993, Janar Babangida bai ce resign ba, bai ce step down ba, ya ce step aside. Manyanmu a ɗakin labarai suna ba mu labarin yadda aka yi ta juya ta a ranar. Sauka? Bai ce ya sauka ba. Daga ƙarshe dai "matsawa gefe" ce, kuma wanda ya matsa gefe yana nan tsaye kusa da hanya. A 2010 kuwa sai ga shi ya fito neman tikitin PDP.

Sani Man U: Maradona ke nan. Ko kalma sai ya yanke ta.

Hajiya Binta: Akwai kuma step down for, wadda 'yan siyasarmu suka mayar tasu. Tambuwal a taron PDP na 2022 ya hau mumbari ya janye wa Atiku. A nan "janye wa" ta zauna daram, ba ma neman wata. Concede kuma ita ce ta Jonathan a 2015 da ya ɗaga waya ya kira Buhari kafin a gama sanar da sakamako: amsa shan kaye.

Sani Man U: Tunda an zo fagena bari in yi muku karatu ni ma. A 2021 wani abokina ya turo min "Ronaldo resigns", na kusa faɗuwa daga kan babur. Ashe re-signs ne, ya sake sa hannu ya dawo United. Ɗan karan layin nan na tsakiya shi ne tsakanin ya tafi da ya dawo. Nura ka duba wasiƙarka da kyau, kada ka sa shi su ƙara maka shekara huɗu.

Forfeit kuma mu mun san ta tun kafin Barista ta buɗe kundi. Oktoban 2024 da aka bar Super Eagles a filin jirgin Libya kusan kwana guda babu abinci, suka ƙi buga wasan suka dawo, CAF ta ce Libya ta yi asarar wasan ta forfeit, aka ba mu ci uku da nema.

Barista Hadiza: Ka ci maki Sani. Asalin kalmar ma daga laifi take a tsohon Faransanci. Shi ya sa nake jin wani iri in na ga an rubuta wai wane "ya sallama" gidajensa ga gwamnati alhali kotu ce ta ba da umarnin forfeiture. Bai sallama ba, an ƙwace. Kuma a lura ko na wucin gadi ne ko na dindindin, domin na farkon ana ba da lokaci duk mai da'awa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana.

Alhaji Tijjani: To Bakassi fa? Sallamawa ce ko ƙwace? Jaridu ceded suka yi ta rubutawa.

Barista Hadiza: Alhaji, wannan kalmar da kanta ɓangare take ɗauka. Cede ita ce ƙasa ta miƙa yankinta ga wata ta yarjejeniya, kamar yadda aka sa Oba Dosunmu ya sa hannu a kan Legas a 1861, jirgin yaƙin Ingila yana tsaye a gaɓa. In ka ce an yi cede na Bakassi, ka riga ka ce tamu ce muka bayar. Kotun Duniya kuwa a Oktoban 2002 cewa ta yi ta Kamaru ce, ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. A wannan mahangar janyewa muka yi muka miƙa, bisa yarjejeniyar Greentree ta 2006, aka kammala a Agustan 2008. Wanda ke jin zafin abin zai ce ceded, mai bin hukuncin zai ce handed over. Kafin mutum ya gama jimlarsa ka san inda ya tsaya.

Alhaji Tijjani: Ni dai ceded zan ci gaba da cewa.

Barista Hadiza: Na sani, ranka ya daɗe.

Nura Ma'aji: Jama'a na gode, amma kun tafi Bakassi kun bar ni a tasha. Saura abu biyu. Ƙungiya tana riƙe da kuɗin motata na zirga-zirgar banki, wajen dubu goma sha takwas, ina so in ce na yafe. Sannan ni ne ɗaya daga masu sa hannu a asusun, ina so in ce na saki wannan ma.

Barista Hadiza: Na farko waive. Haƙƙinka ne, ka sani, ka zaɓi kada ka nema. Kada ka sa forfeit, sai a ɗauka tara aka ci ka. Kada kuma ka sa forgive, za ta yi kama da sun yi maka laifi. Na biyu relinquish, sakin abin da ke hannunka, ba ta ɗauke da fushi ko laifi ko rantsuwa. Ita ce mafi sanyin hali a cikinsu duka. Amma ka sani rubuta ta a wasiƙa ba ya cire sunanka a banki, sai ƙungiya ta kai musu takardar canjin masu sa hannu.

Malam Shu'aibu: Ku dubi "yafe" ɗin nan tamu kuwa. Na yafe maka laifi, forgive. Na yafe kuɗina, waive. Uwa ta ce wa ɗanta na yafe ka, Allah ya kiyaye, disown. Alhaji yana kukan murabus ta ɗauki kaya biyu, ga wadda ta ɗauki uku ba wanda ya ce uffan.

Alhaji Tijjani: Ita da kayanta aka haife ta Malam, ba 'yan rediyo suka ɗora mata ba.

Hajiya Binta: Alhaji ba zai yi concede ba yau.

Nura Ma'aji: Ga abin da na rubuta: "I hereby resign as treasurer with effect from the end of this month. I relinquish my role as signatory and wave my outstanding transport allowance." Ya yi?

Sani Man U: Mai Martaba yana ɗaga wa dubu goma sha takwas hannu, bye bye!

Baba Malam: Saka i a tsakiya Nura. W, a, i, v, e. Wadda ka rubuta ɗaga hannu ce. Furucinsu ɗaya, shi ya sa waya ba ta ja maka jan layi ba. Sauran ya yi.

Nura Ma'aji: Na gyara na tura. Shugaba ya amsa yanzun nan, wai ba su karɓi murabus ɗin ba sai kwamitin bincike ya duba littafi. Barista, suna da wannan ikon? Na ji an ce da zarar takarda ta isa hannu shi ke nan.

Barista Hadiza: Wancan sashe na 306 ne, kuma na masu muƙaman da tsarin mulkin ƙasa ya kafa ne, ba ma'ajin tsofaffin ɗalibai ba. Ku naku kundin ƙungiyar za ka duba. Ba za su iya ɗaure ka a kujera ba, amma lissafin shekara huɗu dole ka ba da shi, ko ka sauka ko ba ka sauka ba. Rasit ɗinka sun cika?

Nura Ma'aji: Na 2022 ne dai nake nema tun ɗazu. Ina jin suna cikin kwalin da na riga na aika Fatakwal.